Kwamfutocinmu masu tashin dare

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san yadda ake kashe ta. Ka danna alamar Windows, ka zaɓi kashewa, fuskarta ta yi baƙi, fankarta ta yi shiru, sai ka tashi ka kama gabanka. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, muddin wayarta tana jone da soket mai wuta, akwai wani ɓangare a cikinta da ba ya barci. Mu 'yan ƙungiyar kwamfuta ne a wata makarantar sakandare da ke Yelwan Yauri, kuma wannan ɓangaren da ba ya barci ya kusa sa a rufe mana ɗakin kwamfuta ana saura 'yan makonni a fara jarrabawar JAMB. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuto wa wannan fili yadda muka bi sawun matsalar, ko wata makarantar za ta amfana.

Ɗakinmu ba wani babba ba ne. Kwamfutoci ashirin ne na kan tebur, duk 'yan gwanjo, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin su iso wurinmu. Kowace an jona ta da kebul zuwa wani akwatin raba sadarwa, shi kuma akwatin yana haɗe da kwamfutar Malam, wadda ita ce uwar garke, inda tambayoyin gwaji suke. Wutarmu daga sola take, da inbata da manyan batura biyu. Da dare ba a kashe inbatar, domin ita ke riƙe fitilun harabar makaranta.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, bayan ta fara gwadawa a 2013. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. A ajinmu na SS3 akwai waɗanda suka fito daga ƙauyukan Ngaski da Shanga da tsibiran cikin tafki, kuma da yawansu a wannan ɗakin suka fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ga irin waɗannan ɗalibai, ranar da aka wayi gari babu wuta a ɗakin rana ce da ta wuce ba za ta dawo ba.

Yadda abin ya faro

Alama ta farko ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Kwamfutoci uku na layin baya, idan aka kashe su, sai su yi shiru na kamar daƙiƙa uku ko biyar, sannan fanka ta sake motsi, su taso kamar an danna su. Mai shara ya gaji da su, ya koma danne maɓallin da yatsa har sai sun mutu. Alama ta biyu ita ce ta tayar da hankali. Sai a zo da safe a tarar da wasu kwamfutocin a kunne, inbata tana ƙara, batura sun yi ƙasa. Darasin safe ya tashi a banza, sai rana ta ɗaga sola ta ɗan cika su.

Nan da nan zance ya yaɗu. 'Yan aji ɗaya suka ce aljanu ne ke karatun dare. Wasu malamai suka yi zaton mu 'yan ƙungiya ne muke satar shiga mu yi wasanni, tunda ana ba shugabanmu makulli. Wasu kuma suka fara kallon Baba maigadi, wai ko yana buɗe wa 'yan gari su yi cajin waya. Dattijon ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya ce mana, "'Ya'yana, shekaruna nawa a gidan nan ba a taɓa cewa allura ta ɓata ba. Ni dai na kan ga haske ta taga cikin dare, amma wallahi ƙofa a kulle take." Shugaban makaranta ya ce idan aka kai ƙarshen mako abin bai daina ba, zai karɓe makulli ya rufe ɗakin har sai an samu kuɗin kiran mai gyara daga Birnin Kebbi.

Ba mu ga laifinsa ba, domin da muka yi lissafi mun ga girman asarar. A ce kwamfuta ɗaya da fuskarta suna cin wat 60. Biyar daga cikinsu idan suka kwana a kunne na awa goma, sun sha wat 3,000 ke nan na awa. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, biyu sun zama 4,800. Irin waɗannan batura na gubar dalma kuwa ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsu, in ba haka ba ba sa daɗewa. Wato kwamfutoci biyar kaɗai sun isa su cinye rabon dare da na safe, kuma a hankali su kashe baturan da iyayenmu suka yi karo-karo aka saya.

Littafi da biro kafin sukudireba

Muka je wurin malaminmu na kwamfuta muka ce, "Malam, a ba mu kwana uku mu gwada." Ya amince, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada mu buɗe cikin kowace kwamfuta tana jone da wuta. Na biyu, abu ɗaya za mu riƙa canzawa a lokaci guda, mu rubuta abin da muka canza da abin da ya biyo baya. Ya ce wanda ya canza abu biyar a tare, ko matsalar ta tafi bai san wanne ne maganin ba, kuma gobe idan ta dawo sai ya koma farko.

Muka manna wa kowace kwamfuta lamba da takarda, muka ja layuka a littafi. Gwajin farko shi ne mafi sauƙi. Muka ɗauki lamba 18, ɗaya daga cikin masu taurin kan nan uku, muka zare kebul ɗin sadarwa daga bayanta, muka kashe ta. Muka ƙirga minti biyar, ba ta motsa ba. Muka mayar da kebul, muka kunna, muka sake kashewa. Kafin mu ƙirga biyar ta taso. Muka maimaita sau uku a kanta, sau uku a kan 'yan uwanta biyu, sakamako bai canza ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ko mene ne ke tashin su, ta wannan kebul yake shigowa.

A nan ne wata 'yar ƙungiyarmu ta lura da abin da duk muka sha gani ba mu kula ba. A bayan kwamfutar da aka kashe, daidai inda kebul ke shiga, akwai ɗan ƙaramin haske yana ƙyaftawa. Ta ce, "Malam, ai wannan ba ta mutu ba." Malam ya yi murmushi ya ce mu jawo kujeru.

Mai kwalekwalen da ke barci da kunne ɗaya

Bayanin da ya yi mana shi ne, tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin akwatin wuta na ATX a 1995, kwamfutar kan tebur ba ta yanke wuta gaba ɗaya idan an kashe ta. Akwatin wutar yana ci gaba da sakin bolt 5 kaɗan zuwa babban allon ciki, domin maɓallin kunnawa ya yi aiki. Daga wannan 'yar wutar ce katin sadarwa yake samun rabonsa, ya zauna yana sauraro.

Abin da yake sauraro kuwa wani saƙo ne na musamman da kamfanin AMD ya tsara tare da Hewlett-Packard a 1995, suka sa masa suna da ke nufin saƙon sihiri. Kowane katin sadarwa a duniya yana da lambarsa ta kansa, mai haruffa da lambobi goma sha biyu, wato bayit 6. Saƙon sihiri yana farawa da bayit 6 na sallama, sannan a maimaita lambar katin sau 16, jimla bayit 102. Duk katin da ya ji lambarsa an jera ta haka, sai ya taɓa babban allo, kwamfuta ta tashi. Daga baya Intel da IBM suka yaɗa wannan fasaha ta tashi ta hanyar sadarwa a 1997. A cikin kwamfuta za ku ga an rubuta ta da sunan Wake on LAN.

Mu da muka tashi a bakin ruwa ba mu sha wahalar ganewa ba. Mai kwalekwalen fito yakan kishingiɗa a gaɓa ya yi gyangyaɗi, amma kunnensa ɗaya a buɗe yake. Idan aka ƙwala masa kira da sunansa daga tsallake, ya miƙe ya ɗauki filafili. Wannan shi ne aikinsa. Matsala tana zuwa ne idan ya zama duk ƙarar da ya ji, ko kifi ne ya yi tsalle, ko jirgin inji ne ya wuce zuwa Wara, sai ya zabura ya tura kwalekwale cikin ruwa.

Dalilin da ya sa aka bar tamu a buɗe shi ma a fili yake. A manyan ofisoshin da suka fito, ma'aikaci ɗaya ne ke kula da ɗaruruwan kwamfutoci. Cikin dare, daga kujerarsa, yakan tashe su duka ya sabunta musu manhaja ya sake kashe su. An sayar da kwamfutocin, an goge abin da ke cikinsu, amma wannan umarni yana zaune a wani wuri da gogewa ba ta kai ba.

Wurare huɗu da muka duba

Wuri na farko shi ne cikin Windows. Ana danna dama a kan alamar Windows a zaɓi Device Manager, a nemi katin sadarwa a jerin na'urori, a buɗe bayanansa. A shafin kula da wuta akwai akwati da ke ba katin izinin tashin kwamfuta, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani da ke cewa saƙon sihiri kaɗai aka yarda ya tashe ta. A yawancin masu tashin dare mun tarar na farko yana da maki, na biyu babu. A shafin ƙarin saituka kuma mun ga wani layi mai suna Wake on Pattern Match a kunne, wanda ke barin wasu saƙonnin yau da kullum na cikin sadarwa su tashi kwamfuta. A wasu katunan akwai ma layin da ke tashin ta da zarar sadarwa ta yanke ta dawo. Mu kuwa akwatinmu na raba sadarwa yakan ɗauke ya dawo duk lokacin da inbata ta yi gyatsa. Muka kashe waɗannan, muka bar saƙon sihiri shi kaɗai.

Wuri na biyu shi ne abin da Microsoft ta shigo da shi tun Windows 8 a 2012, wanda muke kira saurin tashi. Idan yana kunne, kashewar da kake yi ba cikakkiya ba ce. Windows tana rufe manhajojinka, sannan ta adana zuciyarta a kan faifai domin gobe ta tashi da wuri. A kan tsofaffin kwamfutoci wannan rabin kashewa yakan rikita katin sadarwa da babban allo. Gwajinsa ba wuya. Ka danne maɓallin Shift yayin da kake zaɓar kashewa, wannan zai yi cikakkiyar kashewa. Idan ta kwanta ba ta taso ba, ka kama ɓarawon. Ana cire shi dindindin a cikin Control Panel, wajen zaɓin wuta, inda ake tsara abin da maɓallin kunnawa zai yi. Biyu daga cikin ukun nan na layin baya a nan suka warke.

Wuri na uku shi ne Bayos, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin babban allo, wadda ke tashi tun kafin Windows. Ana shiga ne da danna wani maɓalli da zarar an kunna: F2 a yawancin Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo na kan tebur. Lamba 18 ba ta ji maganin farko da na biyu ba, ko da Malam ya sabunta mata manhajar da ke tuƙa katin. Sai da muka shiga Bayos muka kashe tashi ta hanyar sadarwa gaba ɗaya, sannan ta kwanta. Hasken nan na bayanta ma ya mutu. Malam ya ja kunnenmu cewa a cikin Bayos ba a taɓa abin da ba a sani ba, kuma kafin a canza komai a ɗauki hoton shafin ko a kwafe shi a littafi.

A Bayos ɗin ne muka gano wata mai laifi ta daban. Lamba 7 tana tashi da dare ko an zare mata kebul, don haka tun farko muka ware ta a littafinmu. Ashe an saita ta ne ta kunna kanta duk lokacin da wuta ta yanke ta dawo. A Dell ana kiran wurin AC Recovery, a HP kuma After Power Loss. Muka mayar da shi kan ta zauna a kashe. Da mun yi mata kuɗin goro da sauran, da har yau muna zargin kebul.

Wuri na huɗu shi ne littafin tarihin da Windows ke rubutawa da kanta, mai suna Event Viewer. Lamba 1074 tana nuna wace manhaja ce ta ba da umarnin kashewa ko sake kunnawa, da lokacin da ta bayar. Lamba 41 tana nuna kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Wannan yana da amfani domin wata kwamfutar ba tashin ta ake yi ba, faɗuwa take yi a tsakiyar kashewa, Windows kuma ta sake kunna ta don haka aka saita ta. Akwai kuma umarnin powercfg /devicequery wake_armed, wanda idan aka rubuta shi a baƙin allon umarni zai jero duk na'urorin da ke da izinin tashin kwamfuta daga barci, har da linzami da allon madannai.

Wannan tarihin ne ya wanke Baba maigadi, ya wanke mu. Ya nuna lokutan da kwamfutocin suka tashi cikin dare, kuma bayan tashin babu wanda ya shiga da kalmar sirri, babu manhajar da aka buɗe. Malam ya buga shafin ya kai ofis. Shugaban makaranta da kansa ya taka har bakin ƙofa ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Dattijon ya ce ba komai, amma daga ranar ya riƙa leƙo mu yana tambaya ko "marasa barcin nan" sun kwanta.

Abin da muka bari da abin da muka kashe

Bayan an gano matsala sai gardama ta tashi a tsakaninmu. Wasu suka ce a kashe tashi ta hanyar sadarwa a kan duka ashirin a huta. Wasu suka ce ai abu ne mai amfani, a gyara shi kawai. Malam ya bar mu muka yi ta muhawara, sannan ya sa muka kwafe lambar katin kowace kwamfuta, ya zuba su a wata 'yar manhaja a kan uwar garke. Washegari da safe ya danna sau ɗaya, kwamfutoci goma sha tara suka taso a tare. Lamba 18 ce kaɗai sai an je an danna ta da hannu. Mintunan da a da ake ɓatawa wajen zagayen kunnawa yanzu sun koma na amsa tambayoyi.

Duk da haka mun kafa doka. Ranar Juma'a bayan tashi, da lokacin hutu, da duk ranar da hadari ya haɗu, ana kashe soket ɗin bango a zare wayoyi. Kwamfutar da babu wuta a jikinta babu saƙon da zai tashe ta, kuma tsawa tana iya bin kebul ɗin sadarwa ta ƙona kati. Mun kuma sa ido a kan ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo, CR2032 mai bolt 3. Idan ya mutu, agogon kwamfuta yakan rikice, a wasu kuma saitukan Bayos su koma yadda suka fito daga masana'anta, matsalar da ka kashe ta dawo. Don haka muka manna takarda a bango mai ɗauke da saitin kowace kwamfuta, domin 'yan bayanmu.

Mu mutanen Yauri mun san tsadar wuta. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964 aka gama a 1968, daga baya injunanta suka kai takwas masu ƙarfin megawat 760. Domin a tara ruwan da zai juya waɗannan injuna, an tashi mutane fiye da dubu arba'in daga garuruwa da tsibirai, ciki har da kakannin wasu daga cikinmu, Gungawa da Kambari da sauransu. Wanda ya taso yana jin wannan labari a bakin kakarsa ba zai ji daɗin ganin kwamfuta ta kwana tana shan wuta ba mai amfani da ita ba, ko da wutar ta sola ce.

Ga 'yan uwa da ke da irin wannan matsala a makarantarsu ko shagon da suke koyon aiki, ga tsarin da za ku bi. Ku fara da zare kebul ɗin sadarwa ku kashe ku gani. Idan ta kwanta, ku bi ta kan saitin katin, sannan saurin tashi, sannan Bayos. Idan ba ta kwanta ba, ku duba saitin dawowar wuta, ku zare linzami da duk abin da aka soka mata, ku karanta tarihin Windows. Ku nemi izinin malami kafin ku taɓa komai, ku rubuta kowane mataki. Kuma kafin a ɗora wa wani mutum laifi a kan abin da na'ura ta yi, a fara tambayar na'urar, domin tana ajiye shaida.

Muna yi wa duk masu shirin JAMB da WAEC da NECO fatan alheri. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.